Allura a cikin ido ko leza: amsa ga mai tambaya kan idon mahaifinsa mai ciwon suga

Tambaya

Wani ɗan'uwa daga Tudun Wada, Zariya, ya rubuto: "Mahaifina shekararsa 63, yana fama da ciwon suga shekara 14, ga hawan jini. Idonsa na hagu ya fara gani dishi-dishi, ko da tabarau ba ya iya karatu da shi. Likitan ido ya ce tsakiyar bayan idon ya kumbura, sai an riƙa yi masa allura a cikin ido. Na dama kuma, wanda yake gani da shi sarai, wai wasu sababbin jijiyoyi sun tsiro a ciki, sai an yi leza. Baba ya ce ba mai taɓa masa lafiyayyen ido, domin wani maƙwabcinmu bayan leza ya makance. Shin an tabbatar da waɗannan magunguna, ko gwaji ake yi a kanmu? In kuɗi bai isa duka biyun ba, da wanne za mu fara?"

Amsa

Malam, Allah ya ba Baba lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi. Zan fara da abin da ba ya jira. Idon daman da Baba ke kira lafiyayye shi ne ya fi kusa da makanta, kuma shi ya kamata a fara kai wa ɗauki. Na hagu a hankali yake lalacewa, cikin watanni. Na dama kuwa yana iya rufewa a dare ɗaya.

A can bayan ƙwayar ido, ta ciki, akwai wani tantani da ya lulluɓe bangon kamar yadda ake shafe cikin tukunya. Likitoci na ce masa ratina. Kaurinsa bai kai rabin milimita ba, amma shi ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa ta jijiyar gani. A tsakiyarsa akwai wani ɗan wuri mai faɗin kamar milimita 5 da rabi, sunansa makula. Da shi ake karatu, da shi ake gane fuskar mutum, da shi ake zura zare a allura. Sauran ratinar na ganin gefe ne da gani cikin duhu. Abin da ke ciyar da ita ƙananan jijiyoyin jini ne da suka fi gashi siranta nesa ba kusa ba, kuma su suga ke ci idan ya daɗe yana sama.

Ɓarnar iri biyu ce, Baba kuma ya haɗa duka biyun, kowace a ido guda. Ta farko yoyo ne. Bangon jijiyar ya yi rauni, ruwa da kitse su riƙa tsattsafowa suna taruwa a makula, ta kumbura kamar takardar da ta sha ruwa. Shi ne abin da ya sami idon hagu. Tabarau ba zai gyara ba, domin wurin da hasken ke sauka ne ya jiƙe, sayen sabon gilashi yanzu asarar kuɗi ce kawai. Ta biyu toshewa ce. Jijiyoyin su rufe ɗungurungum, wani yanki na ratina ya rasa jini. Yankin da ke cikin yunwa sai ya riƙa fitar da wani sinadari da ake kira VEGF, wanda aikinsa kiran sababbin jijiyoyi. Suna tsirowa kuwa, amma ba su da ƙwari, kuma ba inda ake buƙatarsu suke nufa ba. Sai su hau saman ratina su kama ruwan nan mai kauri kamar farin ƙwai da ya cika cikin ido. Muddin ba su fashe ba, mutum na gani tangaram, babu zafi, babu ja, babu ƙaiƙayi. Ranar da suka fashe sai ya ga kamar an watsa masa baƙin hayaƙi ko yanar gizo, kafin awoyi kaɗan ya koma ba ya ganin komai sai haske. In an bar su, sukan zama tabo, tabon ya tsuke ya ɗago ratina daga bangon ido. Wani lokaci kuma su tsiro a gaban idon su toshe magudanar ruwansa, hawan jinin ido mai tsananin zafi ya biyo baya.

Ka tambaya ko an tabbatar da leza, wato yi wa bayan ido aiki da wani haske mai ƙarfi. Da wuya ka sami wani magani na ido da aka auna da kyau kamarta. Tsakanin 1972 da 1975 Cibiyar Ido ta Ƙasa ta Amurka ta shigar da mutum 1,758 cikin wani bincike da ake taƙaita sunansa da DRS. Tsarinsa mai sauƙin fahimta ne: kowane mutum an yi wa idonsa ɗaya leza an bar ɗayan, kuma ƙuri'a ce ta zaɓi idon da za a yi wa, ba likita ba. Ka ga ke nan idanun biyu sugansu ɗaya, jininsu ɗaya, abincinsu ɗaya, bambancin kawai lezar. Bayan shekara biyu, kimanin kashi 16 cikin ɗari na idanun da aka bari sun kai matakin da ake kira mummunar asarar gani, wato abin da mai lafiya ke gani daga mita 60 sai ya zo kusa da mita ɗaya da rabi kafin su gan shi. A idanun da aka yi wa leza kashi 6 ne. A masu sababbin jijiyoyi mafi haɗari, kashi 26 ne a kan kashi 11. Bambancin ya fito fili har masu binciken suka sauya tsari a 1976, suka fara yi wa idanun da aka bari su ma, domin ci gaba da barinsu ya zama zalunci.

Ka lura da lambar nan ta 11. Leza tana rage haɗarin da fiye da rabi, ba ta share shi. Daga nan labarin maƙwabcinku ya fito, kuma bai kamata a yi masa dariya ba. Mutanenmu galibi ba sa zuwa sai ido ya riga ya fara zubar da jini ko tabo ya kama. A yi leza, amma jijiyoyin na ɗaukar makonni kafin su bushe, a cikin wannan tsakani sai su fashe, ko tabon ya ƙarasa jan ratina. Iyali su ce leza ce ta kashe idon, alhali ciwon ne ya riga ta isa. Akwai kuma wanda ake ce wa ya zo zama uku, ya zo ɗaya, ya ji zafi, bai koma ba. Rabin leza ba ta kare ido. Baba yana da abin da maƙwabcin mai yiwuwa bai samu ba: idonsa bai fashe ba tukuna, kuma a irin wannan lokaci ne aikin ya fi ci.

Yadda take aiki, kamar mai lambu ne a bakin Kubanni idan ruwa ya ja baya da bazara: yakan haƙura da gefen lambun don ruwan ya ishi tsakiya. Likita na ƙona 'yan ɗigo-ɗigo a gefen ratina, nesa da makula, yawanci 1,200 zuwa 1,600, kowane faɗinsa kamar rabin milimita. Yankin da ke kukan yunwa ya ragu, VEGF ya sauka, sababbin jijiyoyin su bushe. A zaune ake yi, a gaban na'ura irin wadda ake duba ido da ita. Za a ɗiga maganin buɗe ido, a jira minti 20 zuwa 30, a ɗiga na kashe zafi, sannan a ɗora wani ɗan gilashi a kan idon. Zai riƙa ganin walƙiyar haske, wasu ɗigon kuma su yi masa tsini har cikin kai. In zafin ya yi yawa ya faɗa, akwai allurar kashe zafi da ake yi a gefen ido. Ana rarraba aikin zama biyu ko uku, da tazarar mako ɗaya ko biyu, domin yin sa gaba ɗaya na iya kumbura makula. Saboda haka ne ya dace a duba makular idon dama kafin a fara. In ita ma ta soma kumbura, likita kan fara da allura ɗaya kafin lezar. Abin da za a rasa shi ma a faɗa wa Baba gaskiya: ganin gefe na raguwa kaɗan, ganin dare ma haka, fitowa daga rana zuwa cikin zaure zai ɗauke shi lokaci kafin ido ya saba, kuma gani kan yi hazo na 'yan kwanaki. Bayan wata biyu zuwa uku a koma a duba. A wani bincike na baya-bayan nan kusan rabin idanun da aka yi wa sun buƙaci ƙari, don haka in an ce a ƙara, ba alamar cewa ta farko ta lalace ba ce.

Na ga Baba jin labari ya hana shi. To gani ya kori ji. Ka roƙi likita ya ɗauki hoton bayan idon dama ya nuna masa a kan kwamfuta, ya nuna masa jijiyoyin asali masu kauri da tsari, sannan ya nuna masa sababbin da suka yi curi kamar saiwar albasa. Dattawa da yawa a nan suke amincewa.

Sai idon hagu da maganar allura. Kafin allurai su zo, leza ake yi wa kumburin makula shi ma, wata iri mai sauƙi da ake ɗiga wa wuraren yoyo. Binciken ETDRS, mai mutum 3,711, ya nuna a 1985 cewa tana rage haɗarin raguwar gani da rabi, daga kashi 24 zuwa 12 cikin shekara uku. Amma tsayar da lalacewa take yi, da ƙyar take dawo da ganin da ya tafi. A 1994 aka tabbatar cewa VEGF na da yawa a ruwan idon masu wannan ciwo, kuma shi ne ke sa jijiyoyi yoyo, ba tsiro kaɗai ba. Daga nan aka samo magungunan da ke kama shi su ɗaure. Uku ne aka fi sani. Avastin an fara amincewa da shi a 2004 don sankarar hanji, likitocin ido suka gano ɗan kaɗan daga cikinsa na aiki a ido. Lucentis da Eylea kuwa don ido aka yi su, kuma tsadarsu ta ninka ta Avastin sau da yawa. A 2022 aka ƙara Vabysmo.

Tambayar da ta dami kowa, har da masu kuɗin Amurka, ita ce ko mai tsadar ya fi. Aka gwada su ukun kai-da-kai a kan mutum 660, a binciken da ake kira Furotokol T, sakamakon ya fito a 2015. Da haruffan allon gwajin ido ake auna nasara, haruffa biyar layi ɗaya ne. Bayan shekara guda masu Eylea sun ƙaru da haruffa 13, masu Lucentis 11, masu Avastin kusan 10. Amma da aka raba su bisa ganin da suka zo da shi, sai abin ya fi bayyana. Waɗanda ganinsu bai yi muni sosai ba, kamar 6/9 zuwa 6/12 a allon gwajin ido (lambar ta biyu in ta ƙaru, gani ya ƙara muni ke nan), duka magungunan uku sun ba su kimanin haruffa 8, babu wani bambancin kirki. Waɗanda suka zo da 6/15 ko ƙasa, wato daga wajen layin 6/18 a allon asibitocinmu, Eylea ya ba su 19, Lucentis 14, Avastin 12. Saboda haka ka tambayi lambar ganin idon hagu, tana rubuce a katinsa. Ko da ta yi ƙasa, wani binciken na 2022, Furotokol AC, ya nuna cewa farawa da Avastin, a sauya zuwa Eylea in bai yi ba, ya kai mutane kusan wuri ɗaya bayan shekara biyu da waɗanda suka fara da Eylea tun farko, ko da yake kusan kashi 70 sun ƙare da sauyawar. A ganina, ga iyalin da ke lissafin kowace naira, Avastin da za a iya maimaitawa a kan lokaci ya fi Eylea guda ɗaya da za a sayar da akuya a yi, a tsaya.

Kuma a nan ne ake yawan ruɗar mutane, ko su ruɗi kansu. Waɗancan haruffa ba da allura ɗaya aka same su ba. Duk mako huɗu ake duba mutanen, kuma a shekarar farko an yi wa kowane ido allura tara zuwa goma, a ta biyu biyar zuwa shida. Maganin na ƙarewa a cikin ido bayan makonni, kumburin ya dawo. Wanda aka yi wa biyu ya ji sauƙi ya daina zuwa, bayan wata uku zai koma inda ya fito ya ce allura ba ta aiki. Kafin a fara, ku zauna da 'yan'uwanka ku yi lissafin aƙalla shida na farko, da kuɗin hoton OCT, da na mota. OCT na'ura ce da ke ɗaukar hoton makula ba tare da ta taɓa ido ba, ta ba da kaurinta da lamba. A yawancin na'urori lafiyayyar tsakiya ba ta wuce 300 ba. Ku riƙa rubuta lambar kowane zuwa a littafi guda tare da lambar gani, da su ake sanin ko maganin na ci.

Ita kanta allurar sunanta ya fi ta ban tsoro. Ana ɗiga maganin kashe zafi, a wanke idon da aidin mai ƙarfin kashi 5, a sa ɗan ƙarfen da ke riƙe fatar ido a buɗe. Likita ya auna milimita 3 da rabi zuwa 4 daga bakin baƙin ido, ya shiga ta farin ido da siririyar allura, ya zuba digo guda, kashi ɗaya cikin ashirin na mililita. Shigar da fitar ba ta wuce 'yan daƙiƙu ba. Jan jini a farin ido, da jin kamar yashi a ranar, da ganin ɗan baƙin ƙwallo na yawo, duk ba komai ba ne. Abin tsoro shi ne ƙwayar cuta ta shiga cikin ido. Ba ya kai sau ɗaya cikin allura dubu, amma in ya faru yana cinye ido cikin kwana biyu. Alamarsa zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ganin da ke dusashewa, da kumburin fata, galibi cikin makon farko. A ranar za a koma asibiti, ko Juma'a ce ko ranar Sallah, ba kemis ba, ba a jira ranar da aka rubuta a kati ba. A kwanakin farko kada ruwa marar tsabta ya shiga idon, a ajiye kwalli, kuma ka tambayi likita yadda Baba zai yi da wanke fuska wajen alwala.

Avastin na da wata lura ta daban. Kwalbarsa miligiram 100 ce cikin mililita 4, ido kuma miligiram 1.25 yake buƙata, don haka kwalba ɗaya ake rarraba wa mutane da yawa. In an rarraba a wuri marar tsabta, ko an yi ta huda kwalba ɗaya kwanaki, mutane da yawa na iya kamuwa a rana guda. Kuma dole ya zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8, abin da yanayin wutarmu ba ya sauƙaƙawa. Ba rashin kunya ba ne ka tambaya inda aka samo shi, yaushe aka buɗe, da yadda ake ajiye shi. Kada ka saya a kasuwa ka kawo a aljihu. In Baba ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya cikin watannin baya, a faɗa wa likita kafin a fara.

Wani zai ce maka, tunda allura na busar da sababbin jijiyoyi ita ma, a yi wa idon dama allura kawai a huta da leza. Gaskiya ne an gwada. Furotokol S, mai mutum 305, ya nuna a 2015 cewa Lucentis bai gaza leza ba bayan shekara biyu, ya kuma fi ta barin ganin gefe. Sai dai ko a cikin wannan bincike, inda ake bin mutane da waya ana tuna musu, kusan kashi ɗaya cikin uku ba su kai shekara ta biyar ba. Likitocin Filadelfiya sun bi sawun irin waɗanda suka ɓace fiye da wata shida sannan suka dawo, suka ga idanun da allura kaɗai aka yi musu sun fi lalacewa, ratina ta fi ɗagowa a cikinsu, fiye da waɗanda aka yi wa leza. Dalilin a bayyane yake: tabon leza na nan ko mutum ya zo ko bai zo ba, allura kuwa ƙarewa take. Kai ka san abubuwan da ke hana mutum zuwa asibiti a nan: damina da aikin gona, azumi, tafiya Hajji, yajin aiki, rashin lafiyar wani a gida, kuɗin makarantar yara. Don haka ga majinyaci a Zariya, leza ce ginshiƙi a idon da ke da sababbin jijiyoyi, allura mataimakiya. In kuɗin na abu ɗaya ne, a kammala lezar dama duka zamanta, cikin makonnin nan. Hagu ta biyo baya da wuri gwargwadon iko, domin makular da ta shekara a jiƙe ba ta dawowa daidai ko ta bushe. Likitan da ya ga idon da kansa na iya sauya wannan jeri bisa abin da ya gani, amma ka faɗa masa gaskiyar aljihunku tun farko don ya tsara da ita.

Duk wannan gyaran rufi ne, yayin da ruwan saman bai tsaya ba. Binciken DCCT, daga 1983 zuwa 1993, a kan mutum 1,441 masu nau'in sugan da ke kama yara da matasa, ya kwatanta masu HbA1c, wato gwajin matsakaicin suga a jini, wajen 7 da masu wajen 9. Na farkon haɗarin kamuwa da ciwon ratina ya ragu musu da kashi 76, ci gabansa ga waɗanda suka riga suka kamu ya ragu da kashi 54. Na Birtaniya, UKPDS, wanda ya fito a 1998 a kan irin sugan manya da Baba ke da shi, ya nuna abin da mutane ke mantawa: waɗanda aka sauke jininsu zuwa wajen 144/82 maimakon 154/87, ci gaban ciwon ratina ya ragu musu da kashi 34, raguwar gani da kashi 47. Ƙwayar hawan jini maganin ido ce. HbA1c gwajin jini ne da ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, ya fi gwajin yatsa na safe faɗin gaskiya, sai dai ƙarancin jini ko jinin sikila na iya karkatar da shi, a sanar da likita in akwai. Hattara guda: in sugan ya daɗe yana sama sosai aka faɗo da shi farat ɗaya, ratina kan ƙara muni na ɗan lokaci. An ga haka a DCCT. Wannan ba hujjar barin suga a sama ba ce, hujja ce ta a gama leza da wuri, likitan suga da na ido kuma kowa ya san abin da ɗayan ke yi. A duba ƙoda ma, domin irin jijiyoyin da suka lalace a ido su ne a cikinta.

In an ɗora Baba a kan asfirin saboda zuciya, kada ya daina don tsoron jini a ido. ETDRS ya ba mutane miligiram 650 kullum, bai ƙara zubar jinin ba. Akwai kuma wata ƙwayar kitsen jini, fenofibrate, da bincike uku suka nuna tana rage saurin ciwon, na ƙarshensu a Sikotilan a 2024 a kan mutum 1,151, inda ta rage da kashi 27. Ta fi amfani a matakin farko, kuma sai an gwada ƙoda, don haka likita ne zai ce a sha ko a bari.

Maganar gwaji a kanmu ba zan wuce ta da sauri ba, domin tana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, shari'a ta ja har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Wanda ya san wannan yana da haƙƙin tambaya. Amma abin da aka ce a yi wa Baba magani ne da aka gama gwadawa tuntuni, ake yi wa miliyoyin mutane a duniya. Bincike kuwa yana da alamominsa. Tun 2007 Najeriya na da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, asibitin koyarwa na ABU da ke Shika na da kwamitin da ke tantance duk binciken da za a yi a kan mutane, gwajin sabon magani kuma sai da izinin NAFDAC. Dole a yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, a faɗa masa ko ƙuri'a za ta zaɓa masa magani, a ba shi takarda ya tafi da ita gida ya yi shawara, kuma yana da ikon ƙi ko fita ko yaushe ba tare da an rage masa kulawa ba.

In da abin da ke damuna, ƙarancin binciken ne a kanmu. Kusan duk lambobin da na kawo maka daga Amurka da Birtaniya suke, daga mutanen da ake dubawa a kai a kai. Babbar ƙidayar makanta ta Najeriya, daga 2005 zuwa 2007, ta duba mutum fiye da 13,000 'yan shekara 40 zuwa sama, ta sami makanta a kashi 4.2, a cikin makafin yanar ido ce kan gaba da kashi 43, hawan jinin ido na bi mata da kusan 17. Ta kuma gano kusan rabin masu suga ba su san suna da shi ba. Tun daga lokacin masu suga ƙaruwa suke. Tambayoyin da suka shafe mu, kamar allura nawa ne mafi ƙaranci da za su wadatar, ko yadda suga da sikila ke haɗuwa a ratina ɗaya, mu za mu amsa su a asibitocinmu. Saboda haka in wata rana an gayyaci Baba shiga bincike mai izini a Shika ko a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ku saurara, ku yi tambayoyi, kada ku gudu don jin sunan kawai.

Kai ma da 'yan'uwanka ku gwada suga, yana bin jini. Duk wanda aka samu da irin na manya, a duba bayan idonsa a lokacin, domin a UKPDS fiye da ɗaya cikin uku sun riga sun sami taɓin ratina ranar da aka gano ciwon. Daga nan duk shekara, tare da ɗiga maganin buɗe ido. Gwajin tabarau a shago ba shi ne ba. Mace mai suga da ta sami ciki a duba ta a watanni ukun farko.

Ranar zuwa asibiti Baba ya karya kumallo ya sha magungunansa kamar kullum, ku riƙe ɗan abinci da dabino ko alewa saboda jira na iya faɗar da suga. Ku zo da duk ƙwayoyin da yake sha a cikin kwalayensu, da sakamakon gwaje-gwajen baya, da baƙin gilashi, domin bayan maganin buɗe ido rana na damu na awa huɗu zuwa shida. Kada ya tuƙa mota ko babur, wani ya rako shi. In kafin ranar ya ga baƙin hayaƙi ko yanar gizo a idon dama, ya daina ɗaukar kaya masu nauyi, ya kwanta da matashi biyu ko uku don jinin ya kwanta ƙasa, kada a ɗiga masa komai na gargajiya, ku kai shi washegari da sassafe.